Makonni Uku da Injin Maƙwabcina: Ko Ziro-tan Ya Dace da Ciyawar Gida?

Wasiƙar farko da ta iso da sunana bayan mun tare a gidanmu da ke gundumar Gwinnett, arewa maso gabashin birnin Atlanta a jihar Jojiya, ta fito ne daga ƙungiyar masu gidaje ta unguwarmu, kuma abin da ke cikinta shi ne tunatarwa cikin ladabi cewa ciyawar ƙofar gidana ta yi tsawo fiye da yadda dokar unguwa ta yarda. Na daɗe ina juya takardar a hannuna. A Zariya inda na tashi, ciyawa a tsakar gida alama ce ta sakaci, domin ita ce maɓoyar maciji da sauro, kuma da zarar damina ta kankama akan sa yara su bi ta da fartanya har sai ƙasa ta fito fes a share. Wadda ta tsiro a bayan gari kuwa dukiya ce, ana yankar ta da lauje a ɗaure a kai kasuwa masu kiwo su saya. A nan Amurka mutum ne zai sayi irin ciyawa, ya sayi taki, ya biya kuɗin ruwan da zai shayar da ita, sannan ya sake zuba kuɗi a injin da zai yanke ta kowane mako, kuma babu ko akuya ɗaya da za ta ci abin da aka yanka.

Shekaru huɗu na yi ina wannan aiki da injin turawa mai faɗin inci 21, irin wanda yake jan kansa da kansa mutum yana biye da shi yana riƙe da hannunsa. Daga ƙarshen watan Afrilu zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin da ciyawar Bamuda da ke gaban gidan take girma kamar ana jan ta, kusan kowace Asabar sai na ba ta sa'a ɗaya da minti goma, a cikin zafin Jojiya mai ɗauke da laima wanda yake tuna mini da Legas fiye da yadda yake tuna mini da gida. A duk tsawon wannan lokaci ina kallon ma'aikatan yankan ciyawa da ke zuwa wasu gidaje na layinmu. Za su tsaya da mota mai jan tirela, su sauke wani inji da ba shi da sitiyari, mutum ya zauna a kansa ya riƙe sanduna biyu, ya riƙa shawagi tsakanin itatuwa yana juyawa a wuri ɗaya, kuma kafin in gama rabin filina sun gama gida biyu sun tafi. Wannan shi ne injin da Amurkawa ke kira ziro-tan, wato mai juyawa ba tare da ya yi da'ira ba, kuma ba zan ɓoye ba, ya shiga raina matuƙa.

Ya kamata in bayyana yadda yake aiki, domin duk alherinsa da duk haɗarinsa daga wuri ɗaya suke fitowa. Ƙaramar tarakta ta yankan ciyawa, wadda mutane suka fi sabawa da ita, tana tafiya ne kamar mota: tayoyin baya suna turawa, sitiyari yana karkata tayoyin gaba, saboda haka idan ta kai ƙarshen layi dole ta zagaya ta bar wani ɗan tsibiri na ciyawa da sai an dawo an yanke. Ziro-tan kuwa kowace tayar baya tana da nata famfon mai da nata injin juyawa, masu aiki da matsin mai, kuma kowace sanda tana iko da taya ɗaya ne kawai. Idan ka tura sandunan biyu gaba daidai da juna sai ya miƙe, idan ka jawo su sai ya yi baya, idan ka tura ta dama fiye da ta hagu sai ya karkata hagu, idan kuma ka tura ɗaya gaba ka jawo ɗaya baya sai tayoyin su juya saɓanin juna, injin ya kewaya a kan kansa. Tayoyin gaba ƙanana ne masu lilo, irin na kujerar ofis ko na kwandon turawa na babban kanti. Ba su da birki, ba su da alaƙa da sanduna, duk inda aka tura su nan suke bi. A riƙe wannan batu na tayoyin gaba, domin a kansa maganata za ta ƙare.

Asalin injin ma yana nuna wa mutum irin ƙasar da aka ƙera shi dominta. A shekarar 1955 Max Swisher na garin Warrensburg a jihar Mizuri ya fitar da wani inji mai taya uku da yake iya juyawa a wuri ɗaya, amma tsarin sanduna biyu da aka sani yau ya samo asali ne daga jihar Kansas, inda John Regier ya ɗauko dabarar daga injin yankan ciyawar dabbobi na kamfanin Hesston da ya yi wa aiki, ya ƙera nasa a 1963, sannan kamfanin Excel ya fara sayar da shi da sunan Hustler a 1964. Grasshopper, wani tsohon suna a wannan sana'a, shi ma ɗan Kansas ne, daga garin Moundridge. Duk wanda ya taɓa ratsa tsakiyar Kansas a mota ya san cewa ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, inda ido yake gajiya kafin ya ga tudu. Arewacin Jojiya ba haka yake ba. Mu a gindin tsaunukan Afalashiya muke, ƙasarmu jan yumɓu ce mai tauri idan ta bushe da santsi idan ta jiƙe, kuma da wuya ka ga gida a unguwarmu wanda bayansa bai gangara zuwa wani rafi ko kwatar ruwan sama ba.

Da na fara zancen sayen injin a gida, uwargida ba ta ce a'a ba, ta dai tambaye ni nawa ne kuɗinsa, kuma da na faɗa mata cewa wanda nake so ya haura dala 3,500 sai ta ce in fara gwadawa tukuna, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah cikin ikonsa, maƙwabcina na hannun dama, wani dattijo da ya yi ritaya, yana da irinsa mai faɗin inci 42, kuma a daidai lokacin an yi masa aikin gwiwa likita ya hana shi hawa. Muka yi yarjejeniya cewa zan yanke masa nasa filin tsawon makonni uku, ni kuma in yi amfani da injin a nawa. Wannan aro shi ne abu mafi amfani da na yi a duk wannan bincike, ya fi duk sa'o'in da na ɓata ina kallon bidiyo a intanet, domin masu bidiyon nan kusan dukkansu a fili mai faɗi kuma shimfiɗaɗɗe suke nuna bajintarsu.

Koyon tuƙin bai yi wuya kamar yadda na zata ba, ko da yake minti ashirin na farko abin dariya ne. Hannun da ya saba da sitiyari yana so ya yi gyara da ƙarfi, su kuwa sandunan nan ɗan motsi kaɗan suke buƙata, saboda haka layina na farko ya fito a karkace kamar sawun maciji a kan rairayi, dattijon yana zaune a barandarsa da ƙafa a miƙe yana ta murmushi. Ya ba ni shawara guda biyu da suka yi mini amfani: in daina kallon gaban injin in kafa idona a kan wani abu mai nisa kamar itace ko kusurwar shinge, sannan in haɗa hannuwana kusa da juna a tsakiya yadda sandunan za su riƙa tafiya tare. Kafin la'asar na iya miƙe layi. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne juyawa, kuma a nan na gano wani abu da sunan injin yake ɓoyewa. Idan ka juya a wuri ɗaya da sauri, musamman idan taya ɗaya ta tsaya cik ɗayar tana zagayawa, tayar da ta tsaya takan murɗe ciyawar da ke ƙarƙashinta ta tumɓuke ta har saiwa, ta bar tabo mai faɗin faranti. A ƙarshen Asabar ta farko na ƙirga irin waɗannan tabo har bakwai a gaban gidana, jere a inda nake juyawa. Maganin shi ne mutum ya rage gudu, ya ɗan karkata gaba, ya ja baya kaɗan, sannan ya shiga sabon layi, tayoyin biyu suna motsi a kowane lokaci. Wato dai wanda yake son ciyawarsa yakan ƙare da yin juyi mai mataki uku, irin wanda ake koya wa ɗalibin tuƙin mota, a kan injin da ya saya saboda ba ya buƙatar hakan.

Duk da haka, a filin gaba saurinsa gaskiya ne, babu ƙarin gishiri. Akwai wani lissafi mai sauƙi da masu sana'ar suke yi: ka ninka faɗin yanka da inci sau gudun injin da mil a sa'a, ka raba da 120, abin da ya fito shi ne kimanin ekar da za ka yanka a sa'a ɗaya, bayan an cire ɓata lokacin juyawa da maimaita gefen layi. Injin turawa na inci 21 a gudun mil 3 zai ba ka kusan rabin eka. Tarakta mai inci 42 a gudun mil 5 za ta ba ka eka ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Ziro-tan mai wannan faɗi a gudun mil 7 zai kusanci eka biyu da rabi. Ga wanda bai saba da eka ba, ƙafa 43,560 ce murabba'i, wato ta kusa fuloti tara irin namu na ƙafa 50 da 100. Sai dai lissafin yana ɗauka cewa ƙasar za ta bar ka ka yi gudun, kuma a nan ne takarda da fili suke rabuwa. Ƙananan injinan gida yawanci ba su da abin rage girgiza in ban da sofirin da ke ƙarƙashin kujera, saboda haka a kan busasshen yumɓu mai kwazazzabai, gudun mil 7 yana jijjiga mutum har haƙora, kwanon ƙarfen da ke rufe wuƙaƙen a ƙarƙashin injin kuma yana tsalle yana barin ciyawar a tsattsaye ba daidai ba. A aikace ban wuce mil 4 zuwa 5 ba a mafi yawan filin, wato gudun da tarakta ma za ta yi.

Inda ya yi fice ba tare da abokin takara ba shi ne wajen zagaya abubuwa. A filin dattijon akwai itatuwa goma sha ɗaya, da kwamin furanni biyu masu siffar ƙoda, da sandar akwatin wasiƙu, da wani tsohon wurin wankan tsuntsaye na siminti. Da tarakta, kowane ɗayansu yana nufin a yi gaba a yi baya sau biyu ko uku. Da wannan injin kuwa sai ka manna gefen kwanon da gindin itacen ka kewaye shi sau ɗaya ka wuce, abin da ya rage wa injin datse gefe bai taka kara ya karya ba. Filinsa ya kai kusan eka ɗaya kuma a shimfiɗe yake, domin gidansa yana kan doron tudun ne, kuma ina gama shi cikin minti arba'in. A nan na fahimci dalilin da ya sa ya saya, na kuma fahimci dalilin da ya sa ma'aikatan nan masu tirela ba sa amfani da wani abu dabam: wanda zai yanka gidaje da dama a yini guda, kowane minti biyar da ya rage a gida ɗaya kuɗi ne a aljihunsa.

Nawa filin labarinsa dabam ne. A takardar gida an rubuta cewa fulotin ya ɗan haura rabin eka, amma idan aka cire ginin kansa, da hanyar mota, da baranda, da wani yanki na itatuwan fayin da ba ya fitar da komai sai busasshen ganyensu mai kama da allura, ciyawar da ake yanka ba ta wuce kashi biyu cikin biyar na eka ba. Mutane da yawa a nan suke yaudarar kansu, suna auna injin da girman fulotin da ke takarda, alhali abin da ya kamata a auna shi ne ciyawar da wuƙa za ta taɓa. Rabin nawa yana gaba, rabi yana bayan shinge, kuma ƙofar shingen inci 48 ce. Na ɗauka inci 42 zai shige cikin sauƙi, ashe lambar nan faɗin yanka ce kawai. Kwanon ya fi haka faɗi, ga kuma murfin roba da ke gefen dama inda ciyawa ke fita, wanda yake ƙara wasu inci masu yawa. Sai da na kashe wuƙaƙen, na ɗaga murfin da igiya, na shiga a hankali kamar mai zura zare a allura, kuma duk da haka na kankare fentin sandar ƙofar.

Bayan gidan yana farawa a shimfiɗe na kimanin ƙafa talatin, sannan ya gangara zuwa wata kwata da ke ɗaukar ruwan sama zuwa rafi. Shekaru huɗu ina hawa da sauka a wannan gangare da injin turawa ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. A Asabar ta biyu, da misalin ƙarfe tara na safe, raɓa ba ta gama bushewa ba, na nufi gangaren kai tsaye daga sama. Da na kai tsakiya na ji gudun yana ƙaruwa, sai na jawo sandunan baya domin in rage, amma maimakon injin ya tsaya sai tayoyin baya suka fara zamewa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, gaban ya karkata hagu da kansa, muka tafi a gicciye ni da injin kamar jirgin ruwan da igiyarsa ta tsinke. Na murza sanda dama, na murza hagu, babu wadda ta amsa. Abin bai fi daƙiƙa huɗu ba, kuma Allah ya kiyaye akwai wani ɗan tudun ƙasa da saiwoyi a bakin kwatar wanda ya tare tayar gaba. Na kashe injin na zauna a kai na ɗan lokaci ina salati, gwiwoyina suna rawa, sannan na je na kira wani maƙwabci muka jawo shi da igiya.

Daga baya na zauna na fahimci abin da ya faru, kuma ba laifin injin ba ne, aikinsa ya yi kamar yadda aka ƙera shi. Idan ziro-tan ya fuskanci ƙasa a kan gangare, nauyinsa yakan koma kan tayoyin gaba, waɗanda na ce ba su da birki kuma ba su da iko da alƙibla, tayoyin baya kuma su yi sauƙi su rage kama ƙasa. Tunda tuƙi da birki duka a tayoyin bayan suke, da zarar sun zame mutum ya rasa biyun a lokaci guda. Tarakta a irin wannan hali tana iya zamewa ita ma, amma sitiyarinta yana kan tayoyin da nauyin ya koma kansu, saboda haka aƙalla mutum yana da ta cewa game da inda za ta nufa. Littattafan da ke zuwa da waɗannan injina yawanci suna hana amfani da su a gangaren da ya wuce digiri 15, kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, tana ba da wannan iyakar ga wanda ba shi da umarnin kamfani a hannu, tare da shawarar a bar tazara tsakanin inji da bakin ruwa ko rami, wadda takan kai faɗin injin sau biyu. Ƙananan injinan gida da yawa ba su da ƙarfen kariya da ke saman kujera, wanda yake hana inji danne mutum idan ya kife, alhali nauyinsu yakan haura fam 500.

Digiri 15 a baki ba ya nuna wa mutum komai, kuma ido mugun ma'auni ne a wannan fanni. Hanyar da na bi ita ce na samo katako miƙaƙƙe mai tsawon ƙafa 10, na ɗora kansa ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, na ɗaga ɗayan har ma'aunin magina ya nuna ya daidaita, sannan na auna tazarar da ke tsakanin bakin katakon da ƙasa. Idan tazarar ta kai ƙafa 2 da inci 8, gangaren ya kai digiri 15. Nawa ya ba ni ƙafa 3 cif a wuri mafi tsanani, wato kusan digiri 17. Aikin bai ɗauke ni minti goma ba, kuma da na yi shi tun kafin in hau injin da ban kai kaina bakin kwata ba. Duk wanda ya tambaye ni yanzu game da ziro-tan, kafin in ji girman filinsa ko kuɗin da ya tanada, sai in ce ya je ya samo katako.

Akwai masu cewa matsalar gangare tana da magani, kuma suna da gaskiya zuwa wani mataki. Kamfanin Cub Cadet yana ƙera wani nau'i mai sitiyari wanda tayoyin gabansa suna karɓar umarni tare da na baya, kuma irin wannan ya fi riƙe layi a gicciyen tudu. Mutum yana iya jira sai rana ta busar da ciyawa, yana iya tafiya a hankali, yana iya barin wurin da ya fi tsanani ga injin turawa. Wannan na ƙarshe shi na yi a Asabar ta uku, kuma shi ne ya ba ni lissafin da ya yanke hukunci. Filin gaba da shimfiɗaɗɗen ɓangaren baya sun ɗauke ni minti ashirin da biyar har da fafutukar shiga ƙofa, gangaren kuma ya ci minti ashirin da tsohon injina. Jimla minti arba'in da biyar, a maimakon saba'in. Ribar minti ashirin da biyar ce a mako, kuma idan na ninka ta da yanka ashirin da shida da nake yi a shekara, ba ta kai sa'a goma sha ɗaya ba. A kan wannan ne zan zuba fiye da dala 3,500, in kuma ci gaba da riƙe injin turawa, in kula da inji biyu a maimakon ɗaya.

Kuɗin saye ma ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Injin yana buƙatar wurin kwana, kuma a garejinmu mai ɗaukar mota biyu, shigarsa tana nufin ɗaya daga cikin motocin ta koma kwana a waje, ko kuma in gina rumfa a baya, wadda ita ma sai ƙungiyar unguwa ta amince da launinta. Akwai canjin baƙin mai, da wasa wuƙaƙe, da bel, da batir da ke mutuwa idan ya yi hunturu a ajiye, da fetur ɗin nan mai gaurayen ethanol kashi 10 cikin 100 da ake sayarwa a yawancin gidajen mai, wanda yake jawo laima ya toshe kafireto idan aka bar shi watanni a tanki. Dattijon ya nuna mini wani abu da ban taɓa tunani ba, wato iskar tayoyin baya: idan ɗaya ta fi ɗaya ko da kaɗan, injin zai riƙa jan gefe guda kuma yankan zai fito da tudu da kwari. Sannan akwai batun giyar da ke juya tayoyin. A injinan da suka fi araha yawanci rufaffiya ce, ba a tanadi hanyar canza mata mai ba, idan ta gaji sai dai a sauya ta gaba ɗaya, kuma guda biyu ce. Waɗanda ake iya yi wa hidima suna kan injina masu tsada, tare da kwanon da aka yi da walda daga ƙarfe mai kauri a maimakon wanda aka buga da inji daga falle ɗaya. Wanda filinsa ya cancanci ziro-tan da gaske, a ganina, ya fi masa kyau ya ƙara kuɗi ya sayi irin wannan daga dilan da ke da makanikai, domin araha ba ta ado.

Wani abin da ya rage masa daraja a wurina shi ne cewa sana'a ɗaya ya iya. Yumɓun Jojiya yana daskarewa, kuma kusan kowace shekara sai an bi shi da na'urar huda ƙasa domin iska da ruwa su shiga, ga jigilar taki da ɓawon itace da buhunan ganye a lokacin kaka. Tarakta tana jan amalanke da na'urar huda ƙasa ba tare da gardama ba, kuma a jihohin arewa masu dusar ƙanƙara ana ɗaura mata garmar share hanya. Ziro-tan na gida yana iya jan ɗan kaya marar nauyi, amma ba domin haka aka yi shi ba, kuma juyinsa mai kaifi yakan sa abin da ake ja ya naɗe ya bugi bayansa. Na duba injinan ziro-tan masu amfani da batir, waɗanda suka yawaita a kasuwa a 'yan shekarun nan, musamman bayan jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2021 domin kawar da sayar da sababbin ƙananan injina masu fetur. Sun raba mutum da ƙara da hayaƙi da canjin mai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son yanka da sassafe kafin rana ta yi zafi, amma tayoyin gabansu irin waɗancan ne, kuma gangaren bayan gidana bai san bambancin batir da fetur ba.

Ɗana mai shekara goma sha uku shi ya fi kowa baƙin ciki da na ce ba za mu saya ba, domin tun ranar farko yake roƙon in bar shi ya hau. Ban bar shi ba, kuma ko da mun saya ba zai hau ba, tunda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar kada yaro ya tuƙa injin hawa sai ya kai shekara 16, na turawa kuma sai ya kai 12. Wannan lamba ta biyu ita ce ta jawo hankalina, ko da yake shi ba ta faranta masa rai ba.

Akwai wani abokina, ɗan Katsina, da ke zaune a wajen birnin Kolombus a jihar Ohayo, a kan eka biyu da rabi na tsohuwar gonar masara, shimfiɗaɗɗiya, da itatuwan tuffa da ya dasa a jere. Shi da ya kira ni yana neman shawara ban yi jinkiri ba na ce ya saya, ya kuma nemi mai inci 54, domin a irin filinsa bambancin yakan kai sa'a guda ko fiye a kowane mako, kuma babu inda zai zame. Ni kuwa a ƙarshen mako na uku na wanke injin dattijon, na kankare ciyawar da ta manne a ƙarƙashin kwanon, na cika masa tanki na mayar masa da godiya, tare da kwanon dambun nama da uwargida ta haɗa masa. Tsohon injina na kai shi aka wasa wuƙarsa aka canza masa fulogi a kan kuɗin da bai kai dala hamsin ba. Yanzu ɗana ne yake yanka filin gaba, ni ina bin gangaren baya a gicciye bayan ƙarfe goma sha ɗaya idan raɓa ta bushe, kuma tabon nan bakwai da na yi a gaban gida sai da ciyawar Bamuda ta ɗauki kusan makonni biyar kafin ta rufe su.